Malam Abdullahin Gwandu da Tafiyar Kano: Darasi a Kan Mulki Bayan Nasara

Gabatarwa

Idan aka ambaci jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, abin da ya fi saurin zuwa a zukatanmu shi ne yaƙe-yaƙe: Tabkin Kwatto da Tsuntsuwa da Alwasa da cin birnin Alƙalawa. To amma akwai wani al'amari da ya auku a tsakiyar waɗannan yaƙe-yaƙe wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, wato lokacin da Malam Abdullahi, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, ya bar rundunar jama'a ya nufi gabas da niyyar ba zai komo ba. A wannan maƙala za mu duba dalilin wannan tafiya, da abin da ta haifar, da kuma darasin da ke cikinta ga masu ilmi da masu riƙe da ragamar jama'a.

Matsayinsa a Cikin Jama'a

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766, Shehu ya girme shi da kimanin shekara goma sha biyu. A hannun Shehu ya yi mafi yawan karatunsa na farko, ya kuma ɗauki ilmi wurin wasu malamai, cikinsu har da Malam Jibril ɗan Umar. Ya jera sunayen malaman nasa a littafinsa Ida'un Nusukh. Ya bi Shehu yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, kuma da aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, shi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. A cikin watan Yuni na wannan shekara shi ya jagoranci rundunar da ta karya Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto. Ke nan mutumin da muke magana a kansa da alƙalaminsa da takobinsa aka kafa harsashin ginin.

Dalilin Tafiya

Bayan Tabkin Kwatto jama'a ta sha wuya ƙwarai. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an yi asarar mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A Alwasa, a 1805, an sake rasa mutane da dama. Waɗanda suka kwanta dama a waɗannan wurare su ne almajiran da Shehu ya raina da hannunsa, masu sanin abin da ya sa aka fito. Yayin da suke raguwa, runduna kuwa sai ƙara cika take yi da sababbin shiga, waɗanda da yawansu ganima ce ta kawo su. Tun kafin a gwabza a Alwasa wasu mayaƙa suka washe wani gari da ke zaman amana da jama'a, Malam Abdullahi ya yi hani, ba a saurare shi ba.

Wajen shekarar 1807, an ɗaura yaƙi za a tafi Alƙalawa, sai Malam Abdullahi ya ware daga runduna ya kama hanyar gabas, yana nufin Makka da Madina. A littafinsa Tazyinul Waraƙat ya bayyana abin da ya dame shi: 'yan'uwa sun sauya, zukata sun karkata ga abin duniya, ana gasar neman sarauta da dukiya da ɗaukaka, an yi watsi da masallatai da makarantu. Abin lura a nan shi ne, mutanensa yake zargi, waɗanda ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da su, kuma bai tsame kansa daga cikin masu laifin ba. Ga alama tambayar da ta hana shi barci ita ce: in har za mu yi abin da muka tarar sarakunan da muka kawar suna yi, to jinin da aka zubar na mene ne?

Zaman Kano

Da ya iso Kano, ya tarar jama'ar Shehu sun karɓi gari, Malam Sulaimanu na riƙe da sarauta, amma ba a daidaita yadda za a tafiyar da mulki ba. Mutanen Kano suka roƙe shi ya dakata ya karantar da su. Ya ga a nan ma irin abin da ya baro, amma ya amsa roƙonsu. Ya zauna ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu littafin Liya'ul Hukkam, wanda ya yi bayanin hukuncin hijira, da naɗa shugaba da mataimakansa, da jihadi, da siyasar shari'a. A cikinsa ya amfana da nasihohin da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa fiye da shekara 300 kafin nan.

A ganinmu nan ne gishirin labarin yake. Mutumin da ya fito cikin ɓacin rai, ya yanke ƙauna daga mutanensa, shi ne ya zauna ya shimfiɗa musu ƙa'idojin da za su auna kansu da su: hakkin da shugaba yake da shi a kan talakawa, da hakkin da talakawa suke da shi a kansa, da yadda ake zaɓen alƙali, da yadda ake tsare dukiyar baitulmali. Da ya wuce Makka, da ya tsira da kansa shi kaɗai, Kano kuwa ta zauna babu wannan ma'auni. Daga nan ya fasa tafiyar, ya koma wurin yayansa. A 1808 aka ci Alƙalawa.

Saɓani da Biyayya

Komawarsa ba ta sa ya yi shiru ba. Ya ci gaba da tsanantawa a kan wasu mas'aloli, kamar kaɗe-kaɗe da tufafin alfarma da laƙabin sarauta, inda Shehu ya ga akwai sauƙi a cikin maganganun malamai. Kowannensu ya rubuta hujjarsa a littafi, ba tare da zumunci ya taɓu ba. A Najmul Ikhwan ma Shehu ya kwaɗaitar da ɗalibai karanta littattafan ƙanen nasa saboda tsayuwarsa a kan zahirin shari'a. A 1812 Shehu ya raba kulawar ƙasa biyu, ya ba Muhammadu Bello gabas, ya ba Malam Abdullahi yamma. Ta wannan hanya ce daga baya Nupe da Ilorin suka kasance ƙarƙashin kulawar Gwandu.

Jarrabawa mafi girma ta zo masa a 1817 da Shehu ya rasu. Aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, alhali shi ne ƙanen Shehu kuma dattijon jama'a. Dangantaka ta yi sanyi har tsawon 'yan shekaru, amma bai ɗaga tuta don neman abin da ya wuce shi ba. Da tawayen Kalambaina ya tsananta masa, Bello ya kawo ɗauki, aka ci garin. Masu tarihi sun rawaito cewa a nan Bello ya yi niyyar sauka daga kan doki don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Daga baya ya miƙa yawancin al'amuran mulki ga ɗansa Muhammadu da ɗan Shehu Muhammadu Buhari, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu har ya rasu a Gwandu a 1829. Cikin abin da ya bari akwai tafsirin Liya'ut Ta'awil.

Kammalawa

Mu da muke jami'a, ɗalibai da malamai, mun iya sukar masu mulki, kuma galibi da gaskiyarmu. Sai dai daga cikinmu ne ake samun shugabannin ƙungiyoyi da manyan ma'aikata da alƙalai, Hausawa kuwa sun ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Malam Abdullahi ya hango na gida, ya faɗe shi a rubuce, ya rubuta maganinsa, ya kuma bi wanda aka naɗa ko da yake yana da hujjar ganin kansa ya cancanta. Ranar da abokanmu na gwagwarmaya suka hau kujera suka fara abin da muka taru muka ƙi, za a tambaye mu ko mun faɗa musu gaskiya kamar yadda ya faɗa. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya ba mu ikon koyi da shi, amin.