Kazar Hausa da Tarihin da Ba a Rubuta Ba

A gabashin Faransa akwai yanki mai suna Bresse, wanda kazarsa ta shahara da farin gashi, jan tukku da ƙafafu masu shuɗi-shuɗi. A shekarar 1957 majalisar ƙasar ta yi doka cewa babu kazar da za a kira da wannan suna sai wadda aka kiwata a yankin, ta yi yawo a fili, ta ci masara da madara. Da wannan doka manoman suka tsare irinsu, suka kuma tsare farashinsa.

Mu ma a Bagwai muna da namu irin, sai dai ba a taɓa yi masa rajista ba. Iyayenmu mata sun san fingi, sun san durgu mai gajerun ƙafafu, suna kuma bambanta su da kazar Fulani mai tsayi. Kazar Hausa tana kwana a akurki, ta yi tono a bayan gida, ta kwanta a kan ƙwanta, ta kare 'yan tsakinta daga shirwa. Ita ce asusun matan aure: da ita ake sayen magani, da ita ake karrama baƙo.

Tun zamanin Turawa jami'an gona suka fi karkata ga neman yawan ƙwai. An riƙa shigo da zakarun waje irin su Rhode Island Red domin a gauraya su da na gida. Daga baya cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar da Shika Brown. Ban raina wannan aiki ba, domin ya wadata birane da ƙwai. Amma kazar gona ba ta cika yin kwanci ba, kuma tana buƙatar abincin saye. Murar tsuntsaye ta 2006, wadda ta lashe gonakin kaji a Kaduna da Kano, ta nuna haɗarin tara dukiya a keji ɗaya.

Ra'ayina shi ne masana su zauna da tsofaffin matan ƙauyukan da ke gefen madatsar Watari, su rubuta sunan kowane iri da siffarsa, kafin gauraye ya shafe su. Abin da Faransawa suka fara yi ke nan kafin su kai ga doka.