Totur

Kalmar totur, sunan abin da direba ke takawa da ƙafa, mai babur kuwa yake murɗawa da hannun dama, asalinta daga Turanci ne, inda ake cewa "throttle", kuma ma'anarta ta fari ita ce shaƙe maƙogwaro. Hikimar wannan suna kuwa a fili take, domin abin da na'urar ke yi shi ne ƙuntata hanyar iskar da injin ke shaƙa, ko buɗe ta, gwargwadon iradar mai tuƙi. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ya bi da ita bisa ƙa'idar da ya bi da tebur da shebur da kyandir, watau ya mai da lam ɗin ƙarshe ra, ya sanya wasali inda baƙaƙe suka cunkushe, har ta zauna daram.

Babu inda na ga martabar na'urar ta bayyana kamar wajen samarin da ke koyon ɗaga tayar gaba ta babur ɗin tsere, domin shi wannan fanni, wanda jahili ke zaton ƙarfin hali ne kawai, haƙiƙaninsa mizani ne tsakanin totur da kuloci da birkin baya: totur ke ɗaga gaban babur, birkin baya ke sauko da shi idan ya nemi kifewa. Saboda haka malaman abin ke fara hore wa almajiri ƙafarsa ta dama bisa birki, a fili killatacce, da hular kwano, kafin su yardar masa ya murɗa totur da ƙarfi.