Iskar da ta tsara tafiyar fatake

'Yan uwa mazauna Zangon Kwatano, yaranmu da aka haifa a nan sun saba da damina biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba. Idan dattawa suka ce a Kano ko Maraɗi damina ɗaya ce tak, sai su ɗauka zolaya ce.

Iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a kanmu. Ta hunturu tana fitowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Bodele ta ƙasar Chadi. Ta damina kuwa daga teku take tasowa da laima. Mahaɗarsu tana haurawa arewa, ta ratsa mu, ta yada zango can arewa da ƙasar Hausa cikin Agusta, sannan ta sake ratsa mu a hanyar dawowa.

Da wannan lissafi fataken goro na ƙarni na 19 suka yi aiki. Ba madugun da zai tada ayari daga Kano sai kaka ta yi, koguna sun janye, hanya ta bushe. Sannan a bi ta Nikki da Zugu zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja. Masaukansu ne ake kira zango, sunan da unguwarmu ta gada.

Akwai kuma abin da suka lura da shi tun ba a auna ba: iskar damina daga kudu maso yamma take, amma hadari daga gabas yake haɗowa. Dalilin yana sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, inda wata iska mai ƙarfi ke gudu daga gabas zuwa yamma saboda bambancin zafin Sahara da sanyin gaɓar teku. Tana tafe tana karkacewa, kowace igiya na wucewa cikin kwana 3 zuwa 5 tana jan hadari. Wasu igiyoyin, idan sun faɗa Atilantika, su ne ke rikiɗewa su zama guguwar da ke ɓarna a Amurka.

A 2006 masana daga Turai da Afirka suka zo binciken wannan iska a ƙarƙashin wani shiri mai suna AMMA, sai ka ce kalmarmu suka ara. Ɗaya daga cikin wuraren da suka kafa na'urorinsu shi ne yankin Zugu, inda jakunan fatake suka sha sauke kaya.