LOL: tarihin dariyar da ta koma rubutu

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma rubutu ba shi da fuska. Mai karanta saƙo ba ya ganin murmushin wanda ya aiko, ba ya jin muryarsa, balle ya tantance wasa da gatse. Wannan giɓi shi ne mafarin haruffa uku da suka zagaye duniya: LOL.

Kalmar taƙaitawa ce ta jimlar Ingilishi "laughing out loud", wato ƙyalƙyala dariya a fili. Kafin zamanin kwamfuta, haruffan suna da wasu ma'anoni. Masu rubuta wasiƙa kan sa su a ƙarshen takarda da nufin "ƙauna mai tarin yawa", kuma ƙamus na Oxford ya nuna cewa a 1960 an yi amfani da su a Amurka don a ce "ƴar tsohuwa". Ma'anar dariya ta ɓullo ne a shekarun 1980, tsakanin masu hira ta kwamfutoci da aka haɗa da layin tarho. Wani mutumin Kalgari ta ƙasar Kanada, Wayne Pearson, ya yi iƙirarin shi ya fara rubuta ta. Daɗaɗɗiyar shaidar da masu ƙamus suka dogara da ita kuwa ita ce mujallar FidoNews ta watan Mayu na 1989, inda kalmar ta fito cikin jerin gajerun kalmomin masu hira.

Buƙatar ta riga kalmar zuwa. A ranar 19 ga Satumba 1982, Scott Fahlman na jami'ar Carnegie Mellon ya ba abokan aikinsa shawarar su riƙa sa alamar fuska mai murmushi a bayan duk zancen raha, saboda wasu suna ɗaukar ba'a a matsayin magana ta gaske. Ita ma taƙaita jimla tsohuwar ɗabi'a ce. Masu buga waya ta tangaraho sun yi ta domin kowace kalma kuɗi ce, kuma an sami OMG cikin wasiƙar da Lord Fisher ya aika wa Winston Churchill tun 1917.

Wayar salula ce ta fitar da LOL daga ɗakunan masana kwamfuta zuwa hannun kowa. An aika saƙon SMS na farko a watan Disamba na 1992, kuma saƙo guda ba ya wuce haruffa 160. Wanda yake biyan kuɗin kowane saƙo, yana latsa maɓalli ɗaya har sau uku kafin harafi ya fito, dole ya koyi tsimi. A watan Maris na 2011 ƙamus na Oxford ya karɓi kalmar. Duk da haka tsohuwar ma'anarta ba ta mutu nan take ba. A 2012, gaban kwamitin binciken Leveson a Ingila, ƴar jarida Rebekah Brooks ta bayyana cewa firaminista David Cameron yakan rufe saƙonninsa da LOL da zaton ƙauna yake aikawa, har sai da ta fahimtar da shi.

Kowace al'umma ta nemi hanyar rubuta tata dariyar. Faransawa suka ƙirƙiro MDR, wato "mort de rire", wanda dariya ta kashe, ita ce kuma ɗaliban Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suka gada ta hanyar harshen makaranta, suna cuɗa ta da LOL. A Tailan ana rubuta 555, domin sunan biyar a harshensu "ha" ne. Masu harshen Sifaniyanci na rubuta jajaja, mutanen Barazil kkkk, Japanawa kuma www.

Abin da ya fi jan hankalin masana harshe shi ne yadda ma'anar ta sauya. Mafi yawan masu rubuta LOL ba dariya suke yi ba. Masanin harshe John McWhorter ya yi bayani a 2013 cewa kalmar ta zama alamar sassauta magana da nuna jituwa tsakanin masu hira. Wanda ya rubuta wa abokinsa "ka manta da ni lol" ƙorafi yake yi, amma ya lulluɓe shi don kada ya zama faɗa. Bahaushe ya san irin wannan aiki, domin shi ne "dai", "fa" da "mana" suke yi a bakinsa: ba su ƙara labari, suna gyara zaman magana ne. Sannan kalmar takan ɗauki gatse, ta zama dariyar raini.

Yayi kuwa ba ya tabbata. Wani nazari da kamfanin Facebook ya fitar a 2015 ya nuna cewa ƙasa da kashi 2 cikin 100 na masu rubuta dariya ne suke amfani da LOL, yayin da "haha" ta haura rabi. A wannan shekara ce kuma Oxford ta zaɓi hoton fuska mai dariya har da hawaye a matsayin kalmar shekara.

Ga malamin da ya tsinci MDR a cikin takardar ɗalibi, tarihin nan yana da amfani. Ɗalibin ƙoƙari yake ya mayar wa rubutu fuskar da ya rasa, sai dai ya kai kayan dandali cikin aji. Aikin malami shi ne ya nuna masa inda kowace magana ta dace, ya kuma tuna masa cewa Hausa ta bambanta murmushi da yaƙe, ta bambanta ƙyalƙyala da tuntsirewa, ta ware shewa da dariyar ƙeta. Haruffa uku sun haɗe waɗannan duka wuri guda, alhali ɗalibin da ya iya rubuta kowace da sunanta ya fi ƙarfin bayyana abin da ke zuciyarsa.