GULBI DA TUDU: YADDA HUKUNCIN MAHUKUNTA YA SAKE FASALIN MARAƊI

Tarihin Katsinar Maraɗi, idan aka bi shi a natse, tarihi ne na zama da Gulbi. Wannan ruwa yana tasowa daga ƙasar Katsina a Najeriya, ya shigo Nijar ta yankin Madarumfa, ya wuce Jiratawa da Maraɗi da Tsibirin Gobir da Gidan Rumji, sa'annan ya sake komawa Najeriya ya faɗa cikin kogin Rima. A gefensa ne Sarkin Katsina Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta wajejen shekara ta 1819, bayan ficewar zuriyar Korau daga Birnin Katsina. A gefensa ne kuma Gobirawa suka gina Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Magabatan nan, Allah ya jiƙansu, ba su zaɓi fadama don sha'awa ba. Kurmin da ke cikinta garkuwa ne daga dawakin abokan gaba, ƙasarta kuma tana ciyar da mutum damina da rani.

Da yaƙi ya kau, sai abin da ya zama garkuwa ya koma barazana. A 1927 Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar lardi daga Tasawa suka maido ta Maraɗi, kamfanonin sayen gyaɗa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, gari ya cika ya tumbatsa cikin kwari. A daminar 1945 Gulbi ya yi ambaliyar da tsofaffi suka daɗe suna ba da labarinta: gidajen ƙasa suka narke, rumbuna suka tafi. Hukumar mulkin mallaka ta yanke shawarar tashin garin ɗungurungum zuwa bisa tudu, fada kuma ta ɗauki nauyin da ya fi wuya, wato shawo kan talakawa su bar kufan iyayensu da makabartunsu. Aka shata sabon gari da fili mai faɗi a ƙofar fada, tituna suka fita daga gare shi miƙe. Unguwanni suka hau tudu da sunayensu na asali, Bagalam da Mokoyo da Limanci da Ƴandaka da Maradawa da Ɗan Gulbi. Tsibiri ma irin wannan ƙaddara ta same ta, ita ma ta hau tudu. Sarki Buzu ɗan Zambadi, wanda ya yi fiye da shekara 50 bisa karaga, a kan idonsa wannan sabon gari ya girma.

Babu shakka hukuncin ya yi daidai, domin ya ceci rayuka. Amma masu shata garin sun yi lissafin ruwan da ke tasowa daga ƙasa, sun manta da wanda ke saukowa daga sama. Tudun Maraɗi rairayi ne. Duk gidan da aka rufe da kwano, duk titin da aka shimfiɗa wa kwalta, ƙari ne ga ruwan da ba zai nutse ba, sai dai ya nemi gangare zuwa fadama. Haka kwazazzabai suka fara cin bakin tudu ta yamma, suna matsowa kowace damina. Garin da ƙidayar 1977 ta samu da mutum kimanin 44,000, ƙidayar 2012 ta same shi da fiye da 267,000, alhali magudanan ruwa ba su bi sawun wannan haɓaka ba.

Ta fannin masana'antu, gyaɗa ce uwa. Tun 1942 aka kafa matatsar man gyaɗa ta Siconiger. Masana'antar gurzar auduga ta biyo baya cikin shekarun 1950, kamfanin SONARA ya karɓi cinikin gyaɗa a 1962, kana majemar zamani ta Sonitan ta buɗe a farkon shekarun 1970 domin fatar jar akuyar Maraɗi, wadda sunanta ya kai kasuwannin Turai. Hukumomin lokacin sun ba da filaye hannu sake, tunda kowace masana'anta aiki ce ga matasa, haraji ne ga baitulmali. Tambayar inda ruwan jima da dattin injina za su kwarara ba ta cika damun kowa ba, kuma kafin ta zama babbar magana sai masana'antun kansu suka durƙushe. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta halaka gonakin gyaɗa a 1975, sun karya ƙashin bayan sana'ar. Alhazan birni, waɗanda Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986, suka ga fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano ya fi saurin riba bisa ga kafa inji. Ba za a zarge su ba. Mai kuɗi yana bin inda kuɗi ke haihuwa.

Jiratawa ita ce ta ci moriyar wani hukunci na daban. A farkon shekarun 1980 aka gyara filin noman rani na kimanin hekta 500 a can, ana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da injinan lantarki, ƙarƙashin kulawar ofishin ONAHA da ƙungiyoyin manoma. Zogale da tattasai da albasar da ke shiga kasuwannin Maraɗi, kaso mai yawa daga nan yake fitowa. Sai dai ruwan ƙarƙashin ƙasa daga Gulbi yake samun ƙari, Gulbi kuwa makullinsa ya koma hannun wasu. A 1990 Nijar da Najeriya suka rattaba hannu a Maiduguri bisa yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa, har da na wannan kogi. A farkon shekarun 1990 aka kammala madatsar Jibiya a jihar Katsina. Tun daga nan malalar da ke shimfiɗa sabuwar laka a fadama ta ragu, manoma suka koma zurfafa rijiyoyi.

Babin da ya fi ɗaci a Tsibiri aka rubuta shi. Daga 1985 garin ya riƙa shan ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, jama'a na murna da ci gaba. Ashe ruwan yana ɗauke da sinadarin fuliyor ninki uku zuwa huɗu na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Aka yi shekara 15 ana sha. Haƙoran dubban yara suka rine, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Sai wajejen 2000 aka gane tushen cutar aka daina amfani da rijiyar, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH kuma ta fitar da rahoto a kai a 2002. Gwajin da zai hana wannan masifa bai kai kuɗin bututun unguwa guda ba. Yaran nan yau magidanta ne, wasunsu da sanda suke tafiya.

Shara kuwa, a da taki ce. Manomi kan aiko da jaki ya kwashe juji zuwa gona, har ya yi godiya. Zuwan leda ya ɓata wannan tsari, domin ba ta ruɓewa, tana kashe awaki, tana toshe magudana. Zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yuli 2004 ya ɗora nauyin tsabta bisa magadan gari, a 2010 Maraɗi ta zama birni mai gundumomi uku, a 2014 aka kafa dokar hana shigo da leda marar kauri, bikin Maraɗi Kwalliya na 2015 kuma ya kawo sababbin tituna. Nauyi ya sauko, kuɗin ɗaukarsa bai sauko da shi yadda ya kamata ba, kuma galibi sai mai unguwa ya yi shela kafin a fito gayyar yashe magudana. A watan Afrilu 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun, aka naɗa jami'an riƙo. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka bisa birnin cikin ƙasa da awa biyu, ya rusa gidaje, ya halaka aƙalla mutum 15. A wannan karo ba daga Gulbi ruwan ya taso ba. Bisa tudun da aka gudo a 1945 ya same su.