Haƙurin Zango: Shekara Ɗari a Wajen Ganuwar Daura



Idan aka ce wa ɗayanmu ya rubuta wani abu a kan tarihin Daura, mun san inda alƙalami zai dosa. Rijiyar Kusugu, da maciji mai suna Sarki wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa aka ce babu, ya fita cikin dare ya sare kan macijin, gari ya waye Magajiya Daurama tana cigiyar wanda ya yi aikin. Mun ji shi a firamare, mun sake jinsa a rediyo, kuma labari ne mai daɗi. Sai dai duk jaruntar da ke cikinsa ta dare ɗaya ce, rayuwar yawancinmu kuwa ba ta da irin wannan daren. Abin da muka fi sani shi ne jira: jiran aiki, jiran sakamako, jiran kuɗin buga littafi, jiran ranar da wani zai karanta abin da muka rubuta har ƙarshe. Don haka yau za mu bar rijiyar, mu duba wani yanki na tarihin Daura da ba a cika ba yara labarinsa ba, wato kusan shekara ɗari da tsohon gidan sarautar garin ya yi a waje.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan manyan garuruwan ƙasar Hausa suka canza hannu. Wajen 1805 Malam Isiyaku, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu, ya ci Daura ya kafa sabuwar sarauta a ƙarƙashin Sakkwato. Sarkin da ya tarar, wanda ake kira Sarkin Gwari Abdu, ya fita da mutanensa. Ba su yi nisa ba. Sun yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan a kewayen ƙasar tasu, har daga baya babban reshen gidan ya zauna a Zango, wani reshen kuma a Baure. Wanda ya san hanyar ya san cewa Zango ba ta da nisa da Daura. A zamanin doki ma tafiyar yini ba ta cika ba. Wato mutum yana iya tashi da safe ya fuskanci garin kakanninsa, ya san yana nan kusa, amma ba shi da ikon shiga ya zauna.

A nan ne ya kamata mu ɗan daɗe, don a nan naman labarin yake.

Ƙaramar sarauta da ke tsakanin manya ba ta rayuwa sai da inuwa. Inuwar da Zango da Baure suka samu ita ce ta Damagaram, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu. Mu tsaya mu auna abin da wannan yake nufi. Gidan da ake ƙirga shi uwa ga Hausa Bakwai, wanda jerin sarakunansa ya faro tun daga sarakuna mata, shi ne ya koma yana bin Damagaram, masarautar da aka kafa a ƙarni na 18, wadda ita kanta ta daɗe tana bin Borno. A idon mai girman kai wannan ƙasƙanci ne da ya fi mutuwa. Su kuwa sun haɗiye, domin in ba su haɗiye ba gidan zai watse, kowa ya kama gabansa, bayan jikoki biyu a manta an taɓa yin su.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da suka yi da shekarun. Ba su yar da sunan ba, sun ci gaba da ɗaukar kansu sarakunan Daura. Sun riƙe fada, sun ci gaba da naɗa sarautun gargajiya da suka gada irin su Kaura da Galadima da Magajiya, in sarki ya rasu a naɗa wani daga cikin gidan, a riƙe jerin sunaye kada ya yanke. Wani masanin al'umma, M. G. Smith, ya yi bincike a yankin a ƙarshen shekarun 1950, ya fitar da littafi mai kauri a 1978 mai suna The Affairs of Daura, inda ya jera gwamnatoci uku gefe da gefe: ta Fulani a birnin Daura, da ta Zango, da ta Baure. Ya iya yin haka ne domin akwai abin da zai jera ɗin. Da a ce mutanen Zango sun zauna suna ta zagin zamani a gindin bishiya, da bai tarar da komai ba sai ƙorafi. (Af, matarsa Mary Smith ita ce ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta, wanda ya fito a 1954. Duk mai son koyon yadda ake sauraron tsofaffi ya neme shi.)

Kada kuma mu yi musu kwalliyar da ba su da ita. Rabuwar gida biyu, Zango da Baure, ita kaɗai ta isa ta nuna cewa wahala ba ta haɗa kansu gaba ɗaya ba. 'Yan uwa ne da suka rasa abu guda, amma kowane ɓangare yana ganin shi ya fi cancanta da abin da babu shi a hannu. Wannan hali mun san shi, yana nan a gidajenmu da ƙungiyoyinmu na marubuta.

A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, yana da wani ɗan littafi da aka buga a 1974 a kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Cikin goman nan babu wanda muka fi ambata kamar haƙuri, kuma babu wanda muka fi ɓata masa suna. Mun mai da shi kalmar rufe baki. An cuci mace, a ce ta yi haƙuri. An hana ma'aikaci albashinsa, a ce ya yi haƙuri. Muna son karin maganar nan da ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, amma mukan tsallake kalmar da ke tsakiya. Dafawa aiki ne. Sai an nemo itace, an hura wuta, an ƙara ruwa in ya ƙone, an tsare tukunya kada ta kife. Haƙurin Zango irin wannan ne: mutum bai san ranar da abu zai nuna ba, bai ma san ko zai nuna ba, amma bai bar wutar ta mutu ba.

To, yaya aka yi suka koma? A nan marubucin da ke son labari ya ƙare da tafi zai so ya ce haƙuri ne ya mayar da su. Gaskiyar ta fi haka ɗaci. Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Ingilishi sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Ƙasashen biyu suka zauna a Turai suna ja wa ƙasar da ba tasu ba layi, da yarjejeniyar 1904 da ta 1906. Layin ya yanke wani sashe na tsohuwar ƙasar Daura ya bar wa Faransa, amma birnin Daura da Zango da Baure suka faɗa ɓangaren Ingila, Damagaram kuma ta zauna a ɗaya ɓangaren. Cikin waɗannan shekarun ne Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa na gidan Zango suka ɗora shi a kan gadon Daura. Ba don tausayi suka yi ba, lissafin mulkinsu ne. Abin da za a iya cewa na mutanen Zango shi ne, ranar da lissafin wani ya buƙaci gidan sarauta da zai zauna a Daura, an tarar da nasu a shirye, da magaji, da fadawa, da mutanen da suka yarda da shi.

Mu leƙa maƙwabta mu gani, domin ba Daurawa kaɗai aka kora ba. Sarkin Kano Alwali an kashe shi a Burumburum, gidansa bai sake kafa wata sarauta mai ƙarfi ba. Katsinawa sun yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi. Gobirawa, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Zazzagawa sun yi kudu tare da Muhammadu Makau, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja bayan ya bar wa babban birnin tarayya sunansa. Mutanen Maraɗi da Tsibiri sun fi na Zango ƙarfi, sun fi su kai hari, sun shafe ƙarni guda suna neman komawa da bakin mashi. Layin nan na Turawa ya bar su a Nijar. Ko da Ingilishi suka canza gidan sarautar Katsina a 1906, Muhammadu Dikko suka naɗa, ba jikan Ɗan Kasawa ba. Cikin duk waɗannan gidaje, na Daura ne kaɗai ya koma birninsa.

Shin za mu ce sauran ba su yi haƙuri ba ne? Ko haƙurinsu ya tashi a banza? Wanda ya je Maraɗi ya ga kasuwancinta, garin da ake kira cibiyar ciniki ta Nijar, ba zai ce haka ba. Sun fita neman tsohon gida, suka ƙare da gina sabo wanda yau jikokinsu ba za su musanya shi da komai ba. Mu a ganinmu wannan ya fi kusa da abin da zai sami yawancinmu. Littafin da muka fara rubutu dominsa mai yiwuwa ba zai taɓa fitowa ba, amma hannun da ya saba da rubutu kullum yakan haifi wani abu da ba a zata ba.

Yawancin masu karanta wannan sun riga sun tuna da wani ɗan Daura, don haka bari mu ambace shi mu wuce. Marigayi Muhammadu Buhari an kifar da gwamnatinsa a watan Agusta 1985, aka tsare shi har 1988. Ya tsaya takara a 2003 da 2007 da 2011 bai samu ba, sai a 2015, shekara talatin bayan sauke shi. A kan juriyarsa ba a cika musu ba. A kan shekara takwas da suka biyo baya kuwa har gobe ana musu, a majalisa da cikin motar haya, kuma ba nan ne wurin raba gardamar ba. Abin da ya shafe mu shi ne jira da riƙo jarrabawa biyu ne daban, cin ta farko ba ya ba mutum makin ta biyu.

Gidan Malam Musa ya fuskanci ta biyun. Shi kansa bai daɗe a kan gado ba, 'yan shekaru ne. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi ya yi fiye da shekara hamsin yana sarauta, har ya rasu a 1966. A zamaninsa aka haɗa Daura da Katsina cikin lardi ɗaya a 1934, a zamaninsa Najeriya ta sami 'yanci. Bayansa Muhammadu Bashar, wanda ya yi minista a gwamnatin Sardauna, ya riƙe daga 1966 zuwa 2007, sannan Umar Faruk Umar. Sarki biyu kawai suka cinye kusan ƙarni guda. A ƙasar da aka saba ganin an tuɓe wannan an kai wancan gudun hijira, zama irin wannan ba ya samuwa sai da sanin lokacin magana da lokacin shiru, kuma muna zaton an koyo wani abu daga zaman Zango. Yau Zango da Baure ƙananan hukumomi ne a cikin masarautar, tare da Daura da Mai'aduwa da Sandamu.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da mai rubuta tarihi da adalci bai kamata ya tsallake ba. Zuriyar Malam Isiyaku su ma sun yi kusan shekara ɗari a kan gadon. An haifi 'ya'yansu da jikokinsu a cikin birnin, ba su san wani gida ba. Ranar da wasu ke murnar dawowa, a ranar nasu jiran ya fara. Sarki goma zamani goma, in ji masu iya magana, amma wanda zamanin ya juya wa baya ba karin magana yake ji ba a wannan ranar.

Mu da muke neman abin rubutawa, ga shi nan zube. Ɗakunan karatu da wayoyinmu sun cika da labarin yaron da ya sha wuya a babi na ɗaya ya zama attajiri a babi na ƙarshe. Wanda har yanzu muke jiran wani ya rubuta mana shi ne mutumin tsakiya: wanda aka haifa a Zango wajen 1830, ya rasu wajen 1890, bai ga fita ba bai ga komawa ba. A ce yana riƙe da sarautar wani gari da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Me yake gaya wa ɗansa in ya tambaye shi amfanin rawanin? Matarsa da ta fito daga Daura, 'yan uwanta suna can cikin ganuwa, wace hanya take bi ta je biki, kuma me take cewa in ta dawo? Mai son ya gwada, ya fara da zuwa Zango ranar kasuwa ya nemi tsofaffin da suka ji daga bakin kakanninsu, ya tafi da littafi da biro da goro.