Yadda Masara Ta Ƙwace Tukunyar Tuwo



Duk inda mata suka taru a Funtuwa ko Malumfashi, gidan suna ne ko na biki, da an gama gaisawa da tambayar yara sai hira ta koma kan kayan zamani. Wance ta daina hura icce ta koma gas, wance maigidanta ya kawo mata bilenda, wata kuma sabuwar waya ake ta karɓa hannu-hannu ana dubawa. Ni kuwa a nawa ganin, duk cikin kayan nan babu wanda ya juya rayuwar macen ƙasar nan kamar wasu abubuwa biyu da ba ma ko saka su a lissafi, wato farar masara da injin niƙa.

Yarinyar yanzu in kika ce mata tuwo, to tuwon masara take ji. Kakanninmu kuwa in sun ce tuwo, dawa suke nufi, fara ko kaura, gero kuma na fura ne da kunu. Masara tana nan tun da daɗewa, amma ba ta da gona. Asalinta daga ƙasar Mekziko ne, can ne aka fara noma ta shekaru dubbai da suka wuce, ba ta tsallako wannan ɓangare na duniya ba sai bayan shekarar 1492. Turawan Fotugal suka kawo ta bakin teku, masana da yawa kuma suna ganin tamu ta biyo ta arewa ne, shi ya sa sunanta ya ɗauko na Masar. A gidan kakata, a wani ƙauye kusa da Bakori, 'yan kunyoyi kaɗan ake yi mata a bayan gida inda ake zuba shara da kashin awaki. Amfaninta ɗaya ne, tana riga gero nuna, a gasa ko a dafa wa yara a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ba mai yi mata kallon abinci.

Kuɗin manomin ƙasar nan a wancan zamani a auduga yake, sai gyaɗa. Jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya zuwa Gusau ya ratsa ta Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, Turawa suka kafa gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, garin Funtuwa ya bunƙasa da baƙi. Haka aka yi ta tafiya har farin 1973 ya zo, sannan a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa ta kusan ƙarar da ita a Arewa baki ɗaya.

To a wannan shekara ta 1975 ne gwamnati, da rancen Bankin Duniya, ta buɗe manyan ayyukan bunƙasa noma guda uku, ɗaya a Gusau, ɗaya a Gombe, ɗaya a Funtuwa. Lokacin ko Jihar Katsina babu, sai a 1987 aka cire ta daga Kaduna. Namu ya haɗa ƙasashen Funtuwa da Bakori da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi, ya yi shekara biyar. Aka fasa hanyoyin ƙauye, aka gina cibiyoyin da manomi zai je ya sayi iri da takin zamani da arha, don gwamnati ce ke biyan mafi yawan kuɗin. Malaman gona suka bazu a kan babura. Cikin irin da suka kawo har da wata farar masara da ake kira TZB, wadda masu bincike na cibiyar IITA ta Ibadan suka samar, masanan Samaru ta Zariya kuma suka taimaka wajen gwada ta a ƙasarmu. Sai ga shi masarar da aka raina, in ta sha taki, tana ba da abin da dawa ba ta taɓa bayarwa ba. Ƙasarmu tana da rana, ga ruwa daidai gwargwado, sai ta fi jin daɗin nan a kan kudun da aka fito da ita.

Kada ki ɗauka kowa ne ya ci moriyar abin daidai. Tun a lokacin an yi ta ƙorafin cewa masu manyan gonaki da masu hannu da shuni ne suka fi samun takin. Amma duk da haka kafin shekara goma masara ta fita daga bayan gida ta mamaye gona. A 1985 gwamnati ta hana shigo da masara daga waje, masu kiwon kaji da kamfanoni suka dawo neman ta gida, manyan motoci suka riƙa lodi a kasuwanni irin ta Ɗandume suna yin kudu.

Wa ya tambayi mace a duk wannan? Babu. Buhu kawai ta ga an sauke mata a tsakar gida.

A nan ne injin ya shigo. Wadda ba ta taɓa riƙe taɓarya ba ba za ta gane abin da nake faɗa ba. Da can aikin tuwon dare tun da hantsi yake farawa: a ciro dami daga rumbu, a yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace dusa, a wanke, a shanya, sannan a durƙusa gaban dutsen niƙa ko a koma turmi, a tankaɗe, a mayar da tsaki a sake dakawa. Kullum ne fa, ba ranar hutu, ko kina da tsohon ciki ko goyo. Iyayenmu suna tuna daɗin lugude da waƙar niƙa, ni ma ina so in ji suna ba da labari, amma ki duba tafin hannunsu tukuna. Ita kuwa masara ƙwayarta babba ce ga tauri, in kika ce a turmi za ki mayar da ita gari na gida mai mutum ashirin, kafaɗarki ce za ta gaya miki. Da babu inji, da masara ba ta zama tuwon kullum ba, komai arharta. Injinan sun fara ne a manyan garuruwa, irin masu shan man gas ɗin nan da ake ce wa Lista, daga sunan kamfanin Lister na Ingila, daga baya aka riƙa kawo makamantansu daga Indiya. Da hanyoyi suka buɗe, kuɗin masara ya shiga hannun mutane, sai kowane ƙauye ya samu mai inji, aka ƙara da na surfe, aka ƙara da na casa. Yanzu sai dai ki auna tiya biyu ki ɗora wa yaro a ka.

Wallahi ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma ba na cikin masu kukan a koma jiya. Sa'o'in da aka ƙwato daga turmi su ne wata ta kai Islamiyya, wata ta kama saƙa ko suyar awara. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Daka da surfe da sussuka sana'a ce ta mata marasa ƙarfi. Bazawara ko tsohuwar da ba ta da mai yi mata, takan shiga gidan masu hali ta yi aikatau, a biya ta da kuɗi ko hatsi, ta tafi da dusa ta ba akuyarta. Da inji ya zo, wannan ɗan kuɗi ya tashi daga hannun mata da yawa ya koma aljihun namiji ɗaya, don mai inji kusan kullum namiji ne. Har dusar ma sai kin ce a dawo miki da ita. Sai da ƙananan injinan markaɗe masu shan fetur suka yawaita ne wasu matan suka kafa a zaure ko tsakar gida, suka ɗan maido da wani abu.

Abu na biyu kuma shi ya fi damuna. Dawa tana haƙuri da ƙasa, ko ba taki za ta ba ki wani abu, kuma a daminta tana iya shekara biyu ko fiye a rumbu. Masara ba ta san wannan mutunci ba, in ba kamfa da yuriya, sai kara. Ke nan tun daga 1975 an ɗaure tukunyarmu a jikin farashin da ba a garinmu ake yanka shi ba. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 taki ya fara tsada, a 1997 gwamnati ta janye tallafinsa na wani lokaci, a 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya sake cilla shi sama, a 2023 aka cire tallafin fetur, kuɗin markaɗe da na mota suka bi. Ga tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ga rashin tsaro da ya raba manoma da yawa da gonakinsu a wajen Faskari da Ƙanƙara da Ɗandume. Duk wannan a ƙarshe a kan mara da muciyar uwargida yake sauka, ita ce za ta san yadda malmala takwas za ta ishi mutum goma.

Kuma farin nan da muke alfahari da shi yana da nasa. Muna son gari fari tas kamar na kanti, sai a surfe a sake surfewa, alhali ɗan idon ƙwayar da ke fita cikin dusa shi ne mai maiƙo da ƙarfi. Ma'ana, akuya ta ci mai kyau. Yaron da aka yaye a kan kokon farar masara zalla ba ya samun abin gina jiki, shi ya sa malaman asibiti suke ta nanata a haɗa da waken soya ko gyaɗa. Akwai ma irin da ake kira SAMMAZ 14, wanda aka inganta don wannan matsala. Masarar da ba ta bushe sosai ba kuma, in ta yi fumfuna tana da dafi mai lalata hanta, wanki ko dahuwa ba sa kashe shi, a tsince a zubar kawai. Wajen ajiya, buhun nan mai ninki uku da ake ɗaurewa iska ba ta shiga ya fi ƙwayar maganin da wasu ke jefawa cikin hatsi a ɗakin da yara ke kwana.

A 'yan shekarun nan da taki ya gagari mutane, na ga manoma da dama sun rage masara sun ƙara dawa da waken soya. Sai ga wata sabuwar rigima a gidaje, an kawo wa amarya dawa ba ta san kanta ba, ta tuƙa ya yi ruwa, ko yara su ce su ba sa cin jan tuwo. Wata maƙwabciyata dabara ta yi musu, take zuba tiya ɗaya ta farar dawa cikin biyu na masara kafin a kai inji. Wata uku ana ci a gidan, maigidan ne kaɗai ya lura, shi ma cewa ya yi ɗumamen safe ya fi daɗi.